Ranar da Firmin Ya Makara da Minti Ɗaya

Tun da aka shimfiɗa layin dogo a arewacin Faransa ba a taɓa yin mutum mai cika alkawari kamar Firmin Lestavel ba. Haka aka faɗa a bakin kabarinsa, kuma ina da tabbacin an faɗa, domin ni na faɗa. Abin da ban ƙara ba ranar shi ne, alkawarin nasa guda ɗaya ne tak, cewa ba zai sake yi wa ɗansa magana ba. Kuma dama can Firmin ba mai yawan magana ba ne.

Surukina ne, mijin yayata Marcelle. Shi direban jirgin ƙasa, ni malamin lissafi a makarantar garinmu, Orchemont. Na shafe ƙuruciyata da tsufana ina yi wa 'ya'yan mutane tambaya ɗaya: jirgi ya taso daga nan da gudu kaza, wani ya taso daga can da gudu kaza, a ina za su haɗu? Na tambayi 'ya'yan mahauta, na tambayi 'ya'yan masu haƙar kwal, daga baya na tambayi 'ya'yansu, ban taɓa ganin wanda ya nuna yana son ya sani ba. A duk rayuwata mutum ɗaya ne ya taɓa buƙatar amsar, shi ma ba ɗalibina ba ne.

An haifi Firmin a gidajen ma'aikatan reluwe da ke bayan loko, inda ake kwantar da kawunan jirage ana gyara su. Ubansa ɗan reluwe ne, kakansa ma haka. Ya fara da goge inji, ya koma zuba gawayi, sannan ya zama direba, kuma tun daga ranar ba a taɓa jin jirginsa ya makara da laifinsa ba. Matan unguwar da ƙarar jirginsa suke ɗora dankali a wuta. Marcelle takan ce ita agogo ta aura, bambancin kawai shi ne agogo yana bugawa sau ɗaya a awa. Ni kuwa Farfesa yake kirana, ba don girmamawa ba. A ganinsa mutumin da yake tuƙa jirage a kan allo da alli bai da wata matsala a duniya.

Ɗa ɗaya suka samu, Régis. Ya zauna a ajina, lissafinsa daidai gwargwado ne, amma yana da hannu a kan inji. Da ya ci jarrabawar direbobi aka kawo wa Firmin labari yana cikin lambu yana ɗaure wake, ya ce, "To," ya ci gaba da ɗauri. Marcelle ta ce tun da ta san shi ba ta taɓa ganin ya yi murna haka ba.

Direbobi biyu idan jiragensu suka gitta juna a hanya, kowa yakan ɗaga wa ɗan'uwansa hannu. Ba a rubuta wannan a littafin doka ba, kuma shi ya sa ba a karya shi. Ana ɗaga wa wanda aka sani, ana ɗaga wa baƙo, ana ɗaga wa wanda ya aure wa mutum budurwa. Ranar farko da uba da ɗa suka gitta a layin Gravemer, garin da ke bakin teku, Firmin ya dawo gida ya ci abinci faranti biyu.

A hunturun shekarar aka shiga yajin aiki. Rigimar a kan hutun kwanan da ake ba direba ne idan aiki ya kai shi wani gari, kuma yau ko a cikin waɗanda suka yi yajin da wuya a sami wanda zai faɗi yadda aka sasanta. Firmin ne wakilin ƙungiyar ma'aikata a loko. A shagon shan giya na Solange, da ke kallon ƙofar tasha, abokan aiki suka ɗora shi a kan tebur suka ce sai ya yi jawabi. Mutumin da bai saba magana ba idan ya fara bai san inda birki yake ba. Ya ce duk wanda ya taɓa kan jirgi kafin a janye yajin, ya zama rawaya, sunan da ake kiran mai karya yaji ke nan a wajenmu, kuma shi Firmin ba zai sake buɗe baki ya yi masa magana ba, ko ɗan cikinsa ne. An tafa masa. Maganar ɗan ciki ado ce kawai ya ƙara, don jimlar ta cika.

Régis a lokacin ba a tabbatar da shi a aiki ba. Manyan hukumar reluwe suka kira sababbin direbobi ɗaya bayan ɗaya suka nuna musu ƙofa da ido. Matarsa tana da tsohon ciki. Ranar Alhamis ɗaya ya hau ya kai jirgi Gravemer, taragai huɗu, kusan babu kowa a ciki. Bayan 'yan kwanaki aka janye yajin.

Ina gidan Firmin ranar da Régis ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofar kicin da hularsa a hannu, ya ce, "Baba." Firmin yana yanka burodi. Bai ɗago ba, ya ce da Marcelle, "Gaya wa mutumin nan ya rufe ƙofa, ɗumi yana fita." Régis ya rufe ƙofar, daga waje.

A loko aka juya masa baya yadda aka saba. In ya shiga kantin cin abinci hira ta mutu, in ya zauna a benci a tashi. Ya nemi canji ya koma Gravemer da iyalinsa. Sauran mutane kuwa, da yake ba su hau tebur ba, shekara biyu ba ta cika ba suka manta. Har Gaston, babban abokin Firmin, wanda ya fi kowa tafi ranar jawabin, ya koma ɗaga wa yaron hannu, yana cewa shi jirgin yake gaisarwa, ba direban ba. Firmin dai bai manta ba. Suna gittawa sau da yawa a mako, kuma duk lokacin hannunsa yana kan birki, idonsa yana kan sigina, kamar yadda littafi ya ce. Daga baya ya nemi a mayar da shi jiragen kaya a wani layi, inda babu wanda zai ƙi ɗaga wa hannu.

Marcelle tana da takardar hawa jirgi kyauta, kamar kowace matar ɗan reluwe, amma a bas take zuwa ganin jikarta, don kada mai duba tikiti ya kai labari. Kowa ya san tana zuwa, har Firmin, wanda ranar Laraba yakan bar mata kwandon wake da tumatir a bakin ƙofa, wai sun yi masa yawa. Ta yi ta roƙonsa har ta gaji. Ta ce masa a gabana, waɗanda ya yi wa alkawarin rabinsu sun mutu, rabinsu sun manta. Ya ce shi bai mutu ba kuma bai manta ba. Da ciwon da ya ɗauke ta ya tsananta, Régis yakan zo asibiti da safe, Firmin da yamma, ma'aikatan jinya suka haddace tsarin kamar jadawalin jirgi. Ranar jana'izarta suka tsaya kabarin yana tsakaninsu. Firmin ya riƙe hularsa da hannu biyu tun daga farko har ƙarshe. 'Yar Régis, wadda ta kusa gama firamare, ta tambayi ubanta wane ne wancan tsoho, kuma a maƙabarta murya tana tafiya nesa.

Bayan haka nake cin abincin Lahadi a gidansa, domin wani ya ci.

Direba idan zai ajiye aiki, shi yake zaɓar jirginsa na ƙarshe, kuma ana barinsa ya ɗauki ɗan'uwa ɗaya a gaba tare da shi. Da lokacin Firmin ya matso kowa ya ɗauka jirgin kaya zai zaɓa, ya sauka babu hayaniya. Sai ga shi ya zaɓi jirgin fasinja na safiyar Asabar zuwa Gravemer, wanda rabonsa da shi tun kafin a kawo sababbin jirage masu gudu.

Wata Lahadi, bayan mun gama da naman da ya dafa har ya koma kamar takalmi, ya kawar da farantai, ya sauko da ƙaramin allon da Marcelle take rubuta cefane, ya ajiye min da guntun alli.

"Farfesa, wannan shirmen da kake koya wa yara. Yana aiki?"

Na ce ya danganta da yaron.

"Jirgi ya tashi daga nan ƙarfe goma, yana gudun ɗari. Wani ya tashi daga Gravemer ƙarfe goma, yana gudun ɗari da arba'in. Tsakani kilomita ɗari da ashirin. Babu mai tsayawa a hanya."

Na tambaye shi wane ne yake tuƙa na biyun. Ya ce a cikin littafina ana faɗar sunan direba? Na ce ba a faɗa. Ya ce to in yi aikina. Daga baya na ji Gaston ne ya bincika masa, kuma jerin aikin direbobi yana zagayawa ne, ana iya sanin na wata mai zuwa tun yau.

Na yi masa bayani yadda nake yi wa 'yan aji, a hankali, domin ban taɓa samun mai sauraro irinsa ba. Idan jirage biyu suna fuskantar juna, tazarar da ke tsakaninsu ba ta damu da wanda ya fi gudu ba, gudun biyun take haɗawa ta ƙare da shi. Ɗari da ɗari da arba'in, ɗari biyu da arba'in a awa. Tazarar ɗari da ashirin rabin wannan ce, saboda haka rabin awa za su haɗu. A rabin awa nasa jirgin ya ci kilomita hamsin. Na ja layi biyu a ƙarƙashin hamsin, tsohon hali.

Ya daɗe yana kallon lambar. Ya ce hamsin, wato daidai kwanar masana'antar sukari, inda katangar ma'ajiya take tare ido, ba a ganin jirgi sai ya zo hanci. Sannan ya tambaya, a miƙaƙƙiyar hanya, daga inda za a iya ganin hannun mutum a bayan gilashi zuwa inda za a wuce, lokaci nawa ne. Na sake lissafi. A wannan gudu tazarar tana raguwa da mita sittin da wani abu kowane sakan. In idonsa yana da kyau, sakan biyu. A kwana kuwa, ko rabin ɗaya ba zai samu ba.

"Da can ya fi haka," in ji shi.

Na ce da can jirage ba su da sauri, wannan shi ake kira ci gaba.

Ya goge allon da hannun rigarsa, ya sake turo min. Ya ce idan na farkon ya tashi ƙarfe goma da minti ɗaya fa? Na duba fuskarsa in ga ko wasa yake yi, domin ban taɓa jin ya haɗa jirginsa da kalmar makara a jimla ɗaya ba. Na lissafa. A cikin mintin nan ɗayan ya riga ya ci kilomita biyu da ɗoriya shi kaɗai, saura su raba abin da ya rage, mahaɗar ta matso wajenmu da kusan kilomita ɗaya. Ya rufe ido yana bin layin a kansa. Ya ce arba'in da tara, gonakin dankali ne, hanya miƙe kamar zare. Na gargaɗe shi cewa jiragen littafi ba sa jiran sigina, ba sa rage gudu, ba a yi musu ruwan sama. Ya ce nasa jirgin ya ɗauke min nauyinsa, ɗayan kuwa shi ya koya wa direbansa duba agogo.

Na ce ai akwai tarho a gidan nan, kuma a tarho ana samun fiye da sakan biyu. Ya ce ya yi alkawari ba zai buɗe baki ba. Bai yi alkawarin hannu ba.

A cikin makon na biya ta gidansa na hango shi ta shinge, tsaye a tsakanin sandunan wake, agogo a hannun hagu. Yana ɗaga hannun dama zuwa kafaɗa, ya sauke, ya duba agogo, ya sake. Na wuce ban yi sallama ba.

Ranar Asabar gari ya waye da haske, abin da ba ya yawan faruwa a nan. An ɗaura wa kan jirgin furanni, abokan aiki sun cika dandamali, Solange ta kawo kwalabe a cikin bokiti. Ni ne ɗan'uwan da ya ɗauka, don babu wani. Na zauna a ƙaramar kujerar da ke gefensa. Ƙarfe goma daidai shugaban tasha ya busa usur. Firmin ya cire tabarau, ya hura masa numfashi, ya fara gogewa da ƙyalle. Shugaban tasha ya sake busawa. Gaston ya leƙo ta taga ya ce, "Tsoho, ka manta inda maɓallin yake ne, ko a kira maka ɗan koyo?" Firmin ya ɗaga tabarau ya duba shi a haske, ya goge ɗaya gilashin. Zufa tana gangaro masa ta bayan kunne. Na tabbata a duk aikinsa bai taɓa yin abin da ya kai wannan minti wuya ba. Da hannun agogo ya zagayo ya saki birki.

Muka kama hanya. Ina ƙirga duwatsun kilomita a zuciyata kamar yaro. Bayan na arba'in da takwas hanya ta miƙe, gonaki dama da hagu, can nesa hayaƙin masana'antar sukari. Sai ga ɗigon fitila a ƙarshen layin. Ya daɗe yana ɗigo, kamar ba ya motsi, sannan cikin ƙiftawa ya zama jirgi. Firmin ya ɗaga hannu tun kafin lokaci, ya riƙe shi a sama, yatsu a buɗe, kamar ɗan makaranta da ya san amsa. Iska ta bugi gilashinmu, taragai suka yi ta wucewa da ƙara, sannan shiru, gonakin dankali.

Hannun nasa yana sama har muka shiga kwana.

"Ka gani?"

Na ce na ga hannu. Gaskiya na faɗa. Na ga hannun riga shuɗi da tafin hannu a bayan gilashi, rana tana haska gilashin.

"Shi ya fara ko ni?"

Na ce shi, Firmin, da nisa. Ya gyaɗa kai. Ya ce haka ya kamata. Ya mayar da mintin kafin mu isa Gravemer, muka shiga tasha a kan lokaci.

Da muka dawo da yamma an jera masa 'yan gwangwanayen albarushi a kan dogo yadda ake yi wa mai sauka, suka yi ta fashewa a ƙarƙashin ƙafafun jirgi, mutane suna tafi. A shagon Solange aka so a sake ɗora shi a kan tebur, ya ƙi. Ya sha giya kofi biyu, ya yi dariya sau ɗaya, Gaston ya ce a kira likita.

Daga nan ya shiga jira. Ya yi wa tsohon ɗakin Régis fenti. Ran Lahadi yakan dafa abincin da ya fi ƙarfin mutum biyu, ya ce hannunsa ne ya zarce. Ya sayo keke na yarinya a kasuwar tsofaffin kaya, ya gyara shi, ya jingine a rumfa, kuma da yake bai san tsawonta ba keken ya yi ƙanƙanta da shekara uku. Duk jirgin Gravemer da ya shigo yakan sami dalilin tsayawa a bakin shinge. Na ce bari in kira yaron in ce masa ubansa yana jiransa. Ya hana ni, kuma ba da wasa ba.

"Maganar 'yan reluwe ce, Farfesa. Na ba shi sigina, ya amsa. Shigowa tasha aikinsa ne. Ba a tura jirgi da hannu."

Bai damu ba, abin mamaki. Ban taɓa ganin sa cikin kwanciyar rai irin ta wannan bazara ba. Yakan ce yaron yana da taurin kai, a wajen uwarsa ya gado, amma zai zo, sai dai in aiki ya yi masa yawa. Kafin a haƙe dankali maƙwabciya ta same shi kwance a lambu, da igiyar ɗaure wake a hannunsa. Direbobi da yawa haka suke yi, da zarar an ƙwace musu jadawali sai jiki ya rasa lokacin tashi.

Régis ya zo jana'iza da matarsa da 'yar. Furfura ta fara masa, kuma yana tsayawa irin tsayuwar ubansa, ƙafa a buɗe kamar ƙasa tana tafiya. An lulluɓe akwatin da tutar ƙungiya, na yi jawabina. Bayan an watse muka zauna ni da shi a ƙuryar shagon Solange, da kofi a gabanmu. Ya ce jawabin ya yi kyau, musamman wajen alkawari. Na ce ubansa ya mutu da farin ciki, kuma shi ne sanadi. Ya dube ni yadda yake dubana a aji in na yi tambayar da bai ji farkonta ba. Sai na ba shi labarin allon cefane, da sandunan wake, da tabarau, da hannun da ya amsa a gonakin dankali.

"Wace Asabar ke nan, Kawu?"

Na ce ranar jirgin ƙarshe.

Ya juya kofinsa a kan faranti. Ya ce ya ji labarin zaɓin tun makonni kafin ranar, a reluwe babu abin da yake ɓoyuwa. Ya duba ya ga za su gitta. Shekarun farko, in ji shi, kullum yana ɗagawa, kullum yana ganin gefen fuskar tsohon. Sai ya ga bai dace ba a ranar mutum ta ƙarshe, da furanni a kan jirgi da baƙo a gefensa, a tilasta masa ya sake kawar da kai. Ya ga mafi ƙarancin abin da zai yi wa ubansa shi ne ya kauce masa. Ya yi musayar aiki da wani, ya yini a gida yana gyaran famfon kicin.

Wanda ya tuƙa jirgin a madadinsa ranar sunansa Lucien Pruvost, sabon zuwa daga wani loko a kudu, bai taɓa jin sunan Firmin ba. Na neme shi daga baya na tambaye shi. Ya ce bai tuna ranar ba, amma tabbas ya ɗaga, domin kowa yake ɗaga wa.